Ganyen Agugu

Mahaifina ya yi shekara kusan arba'in yana sayar da saiwar wani tsiro da bai taɓa ganin ganyensa ba. Agugu ake ce masa. Yaran yanzu ba su san shi ba. Ko a ajin da nake koyarwa a Gumel, in na ambaci sunan sai su fashe da dariya, wai kamar kukan kurciya. Maganin tsila ne, tsutsar cikin nan mai faɗi da ake samu daga naman da bai dahu ba. Ba ya fitowa a ƙasarmu mai yashi, sai can kan duwatsu masu sanyi wajen Adamawa. Fatake ne ke kawo shi a bushe, dunƙule-dunƙule, baƙi-baƙi, mummuna kamar kashin raƙumi.

Mu mutanen Ɗanzomo ne. Baba yana noma gero da wake kamar kowa, amma in rani ya yi sai ya ɗaure kayan maganinsa a bayan keke ya bi kasuwanni, Sule Tankarkar, Gagarawa, ranar Alhamis kuma Maigatari. Fulani makiyaya su ne manyan masu sayensa, har da na Damagaram. Sun yarda da shi ne saboda yana hana mutum saye. Ba ya ba mai ciki, ba ya ba yaro, kuma duk wanda ya ba sai ya ja masa kunne kada ya kuskura ya sha da mai ko man shanu, don ya san wanda hakan ya makantar.

Abin da ya fi tinƙaho da shi shi ne ba a iya cusa masa na ƙarya. Akwai 'yan uwan agugu da yawa masu kama da shi, fatake kuwa sukan cakuɗa. Baba zai ɗauki dunƙulen ya fita da shi haske. A jikinsa akwai dungu-dungu, wato gindin ganyayen da aka sassare, kowane dungu lulluɓe da wani ɓawo siriri da yake kira gashi. Gashin na gaskiya, in ji shi, mai faɗi ne da laushi, launinsa ɗaya daga tushe har baki, kamar ɓawon albasa. In ka ga gashin da baƙin zane a tsakiya, ko ya yi siriri da kaushi kamar jelar doki, to ajiye shi. Daga nan sai ya karya dungu ɗaya ya dubi cikinsa. Akwai wasu ɗigo-ɗigo farare da suka yi da'ira, su yake kira idanu. Na gaskiya idanunsa bakwai ne, ko takwas, ko tara. Na ƙaryar da aka fi cusawa idanunsa biyu ne kacal.

Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ya kan ce sunan kawai na gada, haƙurin nata an bar shi a makabarta. Gaskiya ya faɗa. Ni mai garaje ce, bakina yana riga hankalina isa wuri, kuma har yau ban warke ba.

Wata rana ina sakandare na tambaye shi yadda ganyen agugu yake. Sai ya ce, “Wallahi uwata, ban sani ba.” Ya ce duk bafataken da ya kawo masa sai ya tambaye shi. Wani ya ce kamar gashin kaza yake, wani ya ce kamar kabar dabino, wani ya ce kamar ganyen tsamiya. “Duk ƙarya suke yi,” in ji shi, “su ma a kasuwa suka saya. Ka ga mutum yana kwatance da hannu yana kallon sama, ka san bai gani ba.” Ya ce abin yana damunsa. Ya san sabara da kalgo da ƙaiƙayi koma kan masheƙiya tun suna ganye biyu, amma abin da ya fi ci da shi, gindinsa kawai ya sani.

Da na shiga kwaleji ilimin tsirrai na karanta, kuma ba zan ɓoye ba, har da wannan maganar a cikin dalilina. A nan na gano dangin agugu ba su da fure, ba su da 'ya'ya. A bayan ganyensu ne ake samun wasu ɗigo-ɗigo masu ɗauke da wani gari kamar ƙura, shi iska ke kwasa ya tsiro. Na dawo hutu ina ɗagawa na faɗa masa. Ya ce, “Ba fure, ba 'ya'ya? Kai, wannan makarantar taku! Ku dai a karɓi kuɗinku.” Na buɗe waya na nuna masa hotuna. Ya ƙura ido ya ce, “Wannan da wannan ai ba ɗaya ba ne. Wanne ne nawa?” Na ce ban sani ba, duk 'yan uwa ne. Ya miƙo mini wayar ya ce hoto ba shi da gindi, ba a juya shi, ba a karya shi.

A shekarata ta ƙarshe idonsa ya fara lalacewa. Ya fara tuntuɓe da turmi, yana bangaje ƙyaure, abin da ke gefensa ba ya gani sai ya juyo da kai gaba ɗaya. Yayana ya kai shi wajen likitan ido. Likita ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire, jijiyar ce ke mutuwa a hankali, maganin ɗigawa zai rage mata gudu ne kawai. Baba ya ajiye keke. Da ma ƙwayar asibiti ta riga ta kashe kasuwar agugu, shi da kansa ya koma tura mutane kemis, yana cewa ta fi sauƙi kuma ba ta da haɗari.

Sai ga takardar bautar ƙasa ta fito, an tura ni kan tsaunin Mambila. Inna, mahaifiyata, ta ɗora hannu a ka. Ta ce 'ya mace a bayan duniya, a nemo wanda zai sauya mata wuri. Kowa a gidan ya goyi bayanta sai Baba. Ya jira aka watse, ya kira ni zaure ya ce, “Uwata, an ce can akwai sanyi da duwatsu?” Na ce haka aka ce. Ya ce, “To in kin je, ki samo mini ganyen. Ina so in gan shi kafin fitilar nan ta ƙarasa mutuwa.” Bai taɓa roƙona komai ba kafin wannan, ko ruwan sha da kansa yake ɗiba.

Na je. Ƙasa ce da ban taɓa ganin irinta ba, ciyawa kore ko'ina, gajimare yana shigowa har cikin aji. Wata malama 'yar garin ta raka ni wani kwazazzabo mai itatuwa inda ruwa ke gudu. Wayyo Allah! Ga su nan birjik, a ƙasa, a jikin dutse, har a jikin bishiya. Wasu sun kai ƙuguna, wasu ba su wuce tafin hannu ba. Sabon ganyensu yana fitowa a nannaɗe kamar jelar hawainiya. Na tsaya ina ta murna, na manta da duk abin da aka koya mini, na makaranta da na zaure.

Na zaɓi iri biyar, waɗanda suka fi girma da kyau, na tsinko su. Gindin tsinken kowanne duk taɓo ne da wani datti ja-ja mai manne wa hannu. A gidanmu ba a miƙa wa babba abu da ƙasa a jikinsa. Ko rama ko zogale aka tsinko, sai an zauna an gyara, an cire kara, an kakkaɓe, kafin a kai gaban Inna, balle Baba. Hannuna ne ya yi aikin da ya saba. Na zauna a ƙofar ɗakina da reza, na datse kowane tsinke daidai inda ganye ya fara, na kankare sauran dattin da farce har suka yi sumul. Na shimfiɗa kowanne a cikin jarida, na danne da akwatina da duwatsu biyu har suka bushe. Ina kallonsu ina yaba wa kaina tsafta.

Sai da aka yi hutun Sallah na samu zuwa gida, kwana biyu a mota, sannan babur daga Sule Tankarkar. Na tarar ganin Baba ya ragu sosai. Ya ce kamar mai leƙe ta ramin kara yake gani, kuma da safe ya fi. Don haka muka bari sai washegari da hantsi. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a ƙofar zaure, ya wanke hannu, ya zauna yana fuskantar gabas. Na ajiye jaridun a gabansa, ɗaya a kan ɗaya.

Ya buɗe na farko. Ya ɗaga shi kusa da fuskarsa yana bi da ido daga sama zuwa ƙasa, a hankali, don ba ya iya ganinsa gaba ɗaya a lokaci guda. “Ikon Allah,” ya ce. “Ganye a cikin ganye.” Ya juya bayansa ya ga ɗigo-ɗigon, ya ce ashe makarantar ba ta ci kuɗin banza ba. Sai babban yatsansa ya bi tsinken yana gangarawa ƙasa, ya kai inda na datse, ya zame. Ya sake bi. Ya ajiye shi gefe ya buɗe na biyu, yatsan ya sake zamewa a wuri guda. Na uku ma haka. A na huɗu ya ɗago kai.

“Uwata, ina gindin?”

Na ce, “Na gyara, Baba. Duk taɓo ne da datti.”

“Datti ja-ja, mai laushi?”

Na ce e. Tun kafin ya sake magana na gane abin da na kankare. Gashin ne. Ya ɗauki bakin tsinken ya kai kusa da ido ko zai ƙirga idanu, amma akwatina ya riga ya latse shi ya zama kamar zare. Ya ce, a hankali, ba da faɗa ba, “To wanne ne nawa a ciki?”

Da na ce ban sani ba, na yi kuskure, ka yafe mini, da shi ke nan. Amma kunya ce ta kama ni, ni kuma in kunya ta kama ni fushi take zama. Na ce, “Haba Baba! Kwana biyu ina kan hanya da abin nan a cinyata don kada ya karye. Ganye ka ce, ga ganye. Ai duk ɗaya ne.” Ya ce, “Masu cewa duk ɗaya ne su ke kwantar da mutane.” Na ce to tunda ba su da amfani a kawo. Na tattara huɗun da ya buɗe, na haɗa da jarida ta biyar da ke ƙasa, wadda bai kai gare ta ba, na naɗe na shige cikin gida. Ina jin sa yana cewa, “Ke, tsaya mana,” ban waiwayo ba.

Inna ta wanke ni tas a madafa, na ƙara hawa. Kwana biyun da suka rage mini na yi su ina kumbure-kumbure, shi kuma bai sake tayar da maganar ba, don ba ya roƙon abu sau biyu. Ranar tafiya na durƙusa na yi masa sallama, na ce in Allah ya yarda zan kawo masa da gindinsa. Ya sa mini albarka. Jaridun kuwa na sa su a jakata na koma da su, wai don in gwada da waɗanda zan tono. Rabin dalilin ke nan, sauran rabin zuciya ce.

Da na koma, damina ta kankama a can, kwazazzabon ya cika da ruwa, sai da na jira. Da ya janye na ari fartanya na shiga. Wannan karon ban dubi kyau ba. Na riƙa durƙusawa ina tona gindi ina duba gashi. Wani gashinsa da baƙin zane a tsakiya, na bar shi. Wani siriri mai kaushi, na bar shi. Wani gashin ya yi daidai, na karya dungu na ga idanu biyu suna kallona, na jefar. A zuwa na uku, can sama inda inuwa ta fi kauri, na samu wani da ganyayensa suka fito a zagaye kamar bakin kwando. Gashinsa mai faɗi ne, mai laushi, launi ɗaya, ya lulluɓe gindin tsinken yana raguwa zuwa sama. Na karya dungu, cikinsa kore shar, na ƙirga idanu bakwai. Na juya ganyen, ɗigo-ɗigon suna jere biyu-biyu, kowanne da ɗan marfinsa mai siffar ƙoda. Na zauna a kan dutse ina kallonsa.

A ɗaki na buɗe tsofaffin jaridun na gwada. Na farko ba shi ba ne, ganyensa ya fi yankuwa. Na biyu ɗigonsa dogaye ne. Na uku da na huɗu ko kusa. Na buɗe na biyar. Shi ne, tsaf, har jerin ɗigon da 'yan marafansu. Ya je har ƙofar zaurenmu, ya kwanta a tabarma a gaban gwiwar Baba da hantsi, ni na naɗe shi.

Ban samu izinin tafiya ba sai bayan wata biyu, da na gama. Na sake tono sabo ranar da zan taso, da taɓonsa da komai, na naɗe gindin da jiƙaƙƙen tsumma na sa a buhu. Duk inda mota ta tsaya sai na yayyafa masa ruwa. Direba ya tambaye ni ko kaza ce a buhun. A waya yayana yana ta ce mini Baba da sauƙi, kuma na yarda, don abin da nake so in ji ke nan.

Na iso da la'asar. Yana zaune a zaure, sanda a gefensa. Na yi sallama, ya amsa yana fuskantar bango, ba ƙofa ba. Na tsaya da buhun a hannu na kasa shiga. Inna ta fito ta ce mini a hankali tun kafin a yanke gero abin ya rufe gaba ɗaya, shi ya hana a gaya mini, wai kada in bar aiki in taho.

Ya ce, “Uwata ce? Ina jin ƙanshin danyar ƙasa. Kawo.”

Na ɗora masa a cinya. Bai damu da taɓon da ya ɓata masa riga ba. Yatsunsa suka tafi gindin kai tsaye. Ya shafa gashin, ya murza kaɗan tsakanin yatsu biyu, ya kai hanci. Ya tambaye ni ko akwai zane a tsakiyarsa, na ce babu. Ya laluba dungu ɗaya ya karya shi ƙas, ya ɗaga shi zuwa fuskarsa kamar yadda ya saba, sai ya tuna, ya miƙo mini.

“Ƙirga mini idanun.”

Na ƙirga da ƙarfi. Bakwai. Ya ɗan lasa wurin da ya karye, ya tofar, ya ce, “Shi ne.” Sannan ya kama tsinken daga gindi ya fara hawa da yatsu, a kan gashin, har inda gashin ya ƙare, ya wuce wurin da na datse a wancan karon, ya shiga cikin ganyen. Ya bi kowane reshe, ya bi bakinsa, ya juya yana taɓa ɗigo-ɗigon. Ya daɗe yana yi.

Sai ya yi tambayar da nake tsoro tun daga kan tsauni. Ya ce, “Waɗanda kika kawo da Sallah, yana cikin waɗanda na gani?”

Da na ce e, na biyu ne, da ya ji daɗi, ya koma cikin kansa yana tuno shi. Na buɗe baki in faɗi haka. Amma mutumin da bai taɓa sayar wa baƙo na ƙarya ba, ban iya cusa masa ba. Na ce, “Yana cikin jaridar, Baba. Na biyar ne. Ba ka kai gare shi ba na naɗe.” Kuka ya ƙwace mini, irin wanda rabona da shi tun ina yarinya. Na ce ya yafe mini. Ya ce, “Na yafe tun ranar. Share hancinki, kina ɗiga mini a ƙafa.” Amma na ga yadda hannunsa ya tsaya a kan ganyen, kuma na san ya ji ciwo. Ni ma har gobe ina jin sa.

Can ya ce, “To ke da kika gani, faɗa mini yadda yake.”

Na share ido na dube shi, ga shi a gabana, kore, ya ɗan yi yaushi don tafiya. Duk kalmomin kwaleji suka gudu. Na ce dogo ne, ya fi faɗi a tsakiya, ya tsuke a sama. Na ce rassansa sun jeru dama da hagu kamar kabar dabino, amma ya fi ta laushi. Na ce kowane reshe kuma an sake yayyanka shi ƙanana-ƙanana, kamar ganyen tsamiya. Na ce in ka hango shi gaba ɗaya, kamar gashin kaza.

Ya yi 'yar dariya, ba mai ƙarfi ba. Ya ce, “Haka fataken suka ce.”

Ya rayu shekara biyu bayan nan. Ganyen ya bushe a cikin jakar maganinsa, Inna ta ce ya kan ciro shi ya shafa har ya zama gari, gindin kawai ya rage. Na biyar ɗin yana wurina, cikin jaridarsa. Duk shekara in na zo darasin tsirrai marasa fure sai in kai shi aji, in ce wa ɗalibaina in za su tsinko tsiro don a gane shi, su taho da shi har gindi, kada su gyara. Sukan tambaye ni me ya sa nawa ba shi da gindi, sai in ce su buɗe littafi.